Hawa Huɗu, Ɗaya Ake Ci

Ku samari da 'yan matan da kuke tsayawa a ƙofar shagona kuna cewa, "Baba Ɗanlami, koya mana kek, sati biyu ya ishe mu," ku samu wuri ku zauna. Na gaji da maimaita wa kowa shi kaɗai, shi ya sa na rubuta. Boko a aji huɗu na ajiye shi, saboda haka wanda ya ga magana ta karkace ya gyara da kansa. Amma shekara ashirin da 'yan kai ina cikin fulawa, kuma abin da zan faɗa muku hannuna ne ya koya mini.

Kek ɗin farko da na gasa, akuya ta shinshina ta wuce. A Kano ne, lokacin ina kwaɓa ƙulli a wani gidan biredi, da gemuna, da mata a gida Gwarzo tana jiran aike. Akwai wani tsoho, Baba Audu, wanda ya yi shekaru yana kuku a gidan wani Kwara, ɗan Labanan. In mun gama gashin biredi sai ya zo da gwangwanayensa ya yi amfani da ragowar zafin tanda, ya gasa kek na gidajen masu hali. Na ce ya koya mini. Ya dube ni tun daga sama har ƙasa, ya miƙo mini kwano da bota da sukari da muciya, ya ce, "Juya."

Wata uku abin da na yi ke nan. Juyi, kuma ta gefe ɗaya, ba a komawa baya. In na ce na gama sai ya tsoma yatsa, ya murza, ya ce, "Da saura." Sai ranar da ya murza bai ji ƙwayar sukari ko ɗaya ba, sannan ya bar ni na taɓa ƙwai. Shi ma ƙwan da doka. Kowanne a kofi ake fasa shi tukuna, a duba, a shinshina, sannan a zuba, don ruɓaɓɓe guda ɗaya ya isa ya kai aikin wuni bola. Ranar da ya bar ni na sa nawa a wuta, zumuɗi ya hana ni haƙuri, na buɗe ƙofa na leƙa. Kek ya tashi, ya ji iska, ya zauna. Tsakiyarsa ta lotsa kamar tsohuwar katifa. Baba Audu ya ce, "Wa ya aike ka leƙe?" Ya sa na kai wa akuyar maƙwabta, da ta ƙi ya sa na cinye.

Da na dawo gida ban dawo da komai ba sai muciyarsa da ya ba ni da ciwon kafaɗa. Wutar lantarki a nan kun san halinta, ba a ɗora mata aikin da ake so ya yi kyau. Rabin duro na sa mai walda ya gyara mini ya zama tanda, aka yi masa murfi. Yashi a ƙasa, gawayi a gindi, gawayi a kan murfi. Ba ni da abin auna zafi. Takarda nake sawa da ɗan garin fulawa a kai, in ya yi ja kafin in gama wanke hannu, wuta ta yi yawa. In ina so in san ciki ya gasu, tsinken sabuwar tsintsiya nake sokawa, ya fito a bushe. Ku da kuke ganin ana latsa maɓalli a waya ana fito da kek cikin minti ɗaya, ku zo ku tsuguna gaban duron nan a watan zafi, mu ga wanda zai kai la'asar.

Gashi ma mai sauƙi ne a kan zaɓe. Wani ango daga Sabon Birni ya taɓa zuwa ya ce in zana masa tarakta a kan kek, don ita ce sana'arsa. Na zana. Amarya ta gani ranar biki ta ce ba za ta tsaya hoto da motar noma ba, sai da na kankare da bayan cokali a gaban jama'a na liƙa fure a wurin. Tun daga nan na daina karɓar aiki daga bakin ango shi kaɗai. Amarya da ido take zaɓe. Ango yana tsaye a baya yana taɓa aljihu yana murmushin dole. Ni kuma tambayata ba ta wuce: mutum nawa, wane wata, wace hanya za a bi da shi. In watan zafi ne ba na yarda da ado na bota, kafin a gama addu'a ya narke ya gangaro kamar hawaye. Sai dai na sukari mai tauri, wanda ake murzawa kamar ƙullin taliya a lulluɓe kek da shi. In kuma hanyar ƙauye ce, to duk hawan da aka ƙara, an ƙara mini hawan jini.

Shekarar korona ita ce ta kusa raba ni da sana'ar. Aka hana taro. Aure kuwa ba a fasa ba, sai dai a ɗaura da mutum goma a zaure, a raba dabino, a watse. Wa zai nemi kek? Na koma suyar cincin, na gasa ƙanana a gwangwanin tumatir na kai kanti, su ma suka bushe a can. Injin juyi da na daɗe ina tara kuɗi kafin na saye shi na sayar, na koma kan muciya. Damina ta zo na bi yayana gona. Da aka buɗe gari kuma sai na tarar duk zaman gidan nan 'yan mata waya suka riƙe suna koyon kek, kowane layi da mai yi. Abin da ya rage mini a hannu suna ne kawai, cewa na Ɗanlami ba ya lotsawa, ba ya ɗanye.

A wannan halin Safiya ta zo. Ba sunanta ke nan ba, duk sunayen da za su biyo baya na canza su, wanda ya gane ya riƙe bakinsa. 'Yar nan Gwarzo ce, za a kai ta Kabo. Ta shigo da ƙawarta, suka gaishe ni, ta miƙo waya.

"Baba, irin wannan nake so."

Na duba. Hawa huɗu, fari tas, fure ruwan hoda yana gangarowa daga sama.

"Mutum nawa za su ci?"

"Ba ci ne damuwata ba, Baba."

"To mene ne?"

Ƙawar ta ce, "'Yar ajinsu aka yi wa a Kano, hawa uku. Har yau ba a daina maganar ba."

Na faɗa mata abin da hawa huɗu zai ci. Ta dubi ƙasa, ta ce hawa ɗaya ma da ƙyar. Na ce to ta ɗauki ɗaya mai kyau, ta ci, ta ƙoshi. Ta ce in ɗaya ne gara babu. Idonta ya kawo ruwa, ni kuma wata takwas rabona da aikin biki. Sai na faɗa mata abin da masu kek na birni suke yi ba sa faɗa.

Kun san farin abin nan mara nauyi da ake tokare firji ko talabijin da shi a cikin kwali? Soso muke ce masa. Ana yanka shi zagaye, a haɗa, a goge, a lulluɓe da sukari, a yi masa fure. In ba wuƙa aka sa ba, ko ni da na yi sai na duba alama kafin in gane. Na ce mata hawa na biyu daga ƙasa zai zama na gaske, daidai hannu, nan za su sa wuƙa ita da ango. Sauran ukun na hoto ne. In an gama, in kwashe kayana in tafi.

Ta ce, "Ba wanda zai sani?"

"Sai in ke kika faɗa."

"Ko Gwaggo, Baba. Musamman ma Gwaggo. Ka yi mini alkawari."

Na yi. Ban tambayi wace ce Gwaggo ba, kuma nan na fara kuskure.

Soso yana da aibi guda, ba shi da nauyi. A ɗakin taro na birni ba komai, amma mu a fili muke biki, ƙarƙashin rumfa, iska ɗaya za ta ɗauke saman kek ta kai shi gonar wani. Sai na yi dabara. Kowane hawa na kwaƙule cikinsa ta ƙasa, na ɗebi yashin tandata na ƙulla a baƙar leda, na ɗaure da zare, na cusa, na rufe da faifan katako. Babban na ƙasa ya sha yashi ya kai mudu. Ka ɗaga ka ji nauyi, ka rantse ƙwai talatin ne a ciki. Ranar har yabon kaina na yi.

Ranar Asabar aka yi yini a filin wata makaranta. Kek ya tsaya, mata suka kewaye shi da waya, wata tsohuwa ta tambaya ko da tsani ake hawa. Ango ya zo, suka kama wuƙa tare, suka yanka inda na nuna, aka yi guɗa. Na sauke na saman biyu na tura ƙarƙashin tebur na rufe da zane, na yayyanka na gasken aka fara zagayawa da shi. Babban na bar shi a kan tebur, don ba ya shiga ƙasa. Aka kira la'asar. Na ce bari in yi salla in dawo in kwashe. A hanyar dawowa abokan uban amarya suka tare ni da tiren shinkafa, kuma ni ba na wuce shinkafar biki.

To ga abin da masu kek na birni ba su sani ba, ni kuma na sani na manta. Mu nan ba a ajiye abin ci a biki don kallo. Alkaki ne, nakiya ce, dubulan ne, ko goro, sai an kasa. Kason dangin uba, kason dangin uwa, kason surukai, kuma mafi girma shi ne na surukai, don a nan ake fita kunya. Mai rabon kuwa gwaggon amarya ce, ƙanwar uba ko yayarsa, kuma ranar ko uban amarya ba ya ɗaga mata murya.

Na dawo na tarar tebur wayam. Wata doguwar mata mai ɗaurin ɗankwali kamar rawani ta jawo na saman biyu daga ƙasa, ta ɗora a tire, wuƙa a hannu. Gwaggo Tabawa ke nan.

"Hajiya, dakata."

"Kai ne mai kek ɗin? Sannu da aiki. Matsa, ka tare mini haske."

"Waɗannan biyun ba na ci ba ne."

"Na mene ne? Na tsafi?"

Na waiga. Safiya tana zaune a kujerar amarya, mayafi a fuska, amma ta cikin mayafin ina jin idonta a wuyana. Mata sun fi ɗari a wurin. Na nemi ƙarya, wadda ta zo kusa ita na kama.

"Ba su gasu ba a ciki, Hajiya. Wuta ta yi mini gardama. Wanda ya ci sai ya yini a bayan gida."

Ta ajiye wuƙa, ta juya wajen mata, ta buɗe murya yadda na bayan rumfa ma zai ji. "Ku ji fa, jama'a. Mai kek ɗanye ya kawo mana. Shi da bakinsa."

Shekara ashirin ina gina sunan nan. Na haɗiye maganar, na ce, "Babban fa, yana ina?"

"Yana ina kuwa? Na ba dangin ango, motarsu ta tashi tun kana cin shinkafa. Ko shi ma ɗanyen ne?"

Na yi lissafi a tsaye. In na ce e, za ta buga waya Kabo, su kuma abin da za su fara yi shi ne su yanka su duba. Na ce, "A'a, shi ya gasu."

"Allah ya taimake ka."

Na rungumi soso biyu na fita ana bi na da kallo. Sai a hanya abin ya sauko mini sosai. A ce an yanka an ga soso, kunya ce, a yi dariya wata guda a manta. Amma baƙar leda, ɗaure da zare, cike da yashi, a tsakiyar abincin da dangin amarya suka aika gidan ango? Ba wanda zai ce don iska aka sa. Asiri za a ce, an aiko a mallake yaro da gidansu. Yarinya ba za ta yi sati a ɗakin ba. Kuma in aka tambayi hannun da ya ƙulla, nawa ne.

Lahadi aka kai amarya. Litinin da safe wayata ta yi ƙara, Safiya ce, tana magana ƙasa-ƙasa kamar mai ciwon haƙori.

"Baba, ba a yanka ba."

"Alhamdu lillahi. Yana ina?"

"Ɗakin Inna Kande, kakar angon. Ita ta karɓe. Ta ce ba mai taɓawa sai Alhamis, ƙanwarta za ta zo daga Lakwaya da sauran dangi, a yanka a gabansu."

"Ba za ki iya ɗaukowa ba?"

"Baba, jiya aka kawo ni. Ko bayan gida sai an raka ni."

Mafita ɗaya ce, in gasa na gaske mai girmansa in kai a madadinsa. Ba ni da gwangwani mai wannan faɗin, don ban taɓa gasa irinsa ba. Babbar tukunyar alminiyon ta matata na ara, mai shimfiɗaɗɗen gindi, wadda take dafa abincin suna. Na farko gefe ya ƙone tsakiya tana ruwa. Na tuna dabarar Baba Audu, na kafa gwangwanin madara babu komai a tsakiyar ƙullin don zafi ya bi ta ciki, na rage gawayin gindi, na zauna a gaban duro kamar mai jinya. Na biyu ya fito. Na toshe ramin tsakiya da guntun na farko, na lulluɓe, na yi fure goma sha ɗaya yadda na tuna na yi wa wancan. Kafaɗata ta kwana biyu ba ta ɗaguwa.

Laraba da hantsi na hau bayan ɗan acaba, kwali a cinya, ina roƙonsa kowane rami ya gaishe shi a hankali. Dabarata mai sauƙi ce. In ce na zo gyaran ado, in fito da soso zaure, in musanya, in mayar da na gaske, in yi sallama.

Aka yi mini iso. Inna Kande 'yar ƙaramar tsohuwa ce, tana zaune a tabarma a ƙofar ɗakinta tana ɓarar gyaɗa. Na tsuguna.

"Ina kwana, Inna."

"Lafiya lau. Ina gajiya?"

"Ba gajiya. Ya gida, ya jiki?"

"Da godiya. Ya mutanen Gwarzo?"

"Suna gaishe ki. Ya hidimar biki, ya baƙi?"

"Sun watse, sun bar mu da wanke-wanke. Ya iyali? Ya kasuwa?"

"Alhamdu lillahi."

"Madalla. An ce kai ne mai ɗanyen kek."

Labari ya riga ni zuwa ke nan. Na ce ni ne, amma nata lafiyayye ne, ado kawai na zo dubawa, kar hanya ta goge shi a ji kunya gobe. Ta ɗaga labule da sandarta. Ga shi can a kan ɗan tebur, an rufe da mayafi mai shara-shara, ƙafafun teburin kowacce a cikin gwangwanin ruwa saboda tururuwa.

"Gyara."

"Sai na fita da shi zaure, Inna. Aikin yana son iska."

"Nan ma akwai iska. In ta kasa in yi maka fifita."

"Yana son haske."

"A ɗage labule. Me ke cikin kwalin nan?"

"Kayan aiki."

Ta ja hanci sau biyu. "Kayan aikinka ƙamshi gare su."

Ta ci gaba da ɓarar gyaɗa, ba ta ko dube ni ba.

"Ɗan nan, shekara hamsin ina yi wa mutane alkakin biki. Abin da aka sa wa ƙwai da mai, in ya kwana a ɗaki, har zanen gado sai ya ɗauka. Wannan kwanansa huɗu, ɗakina man zafi yake wari kamar kullum. Ɓera ya hau, ya lasa, bai sake dawowa ba. Sai na ɗauko basilla na soka ta gefe. Ya yi mini ƙara kamar sabon takalmi. Da na zare, ka san abin da ya biyo?"

Ta kwance bakin zaninta, ta buɗe. Yashi ne, bai fi cokali ba. Yanzu kam ta dube ni, kuma babu wasa a fuskar.

"Yashin na mene ne?"

Na ce nauyi ne, saboda iska. Na ba ta labarin soso, da leda, da faifan katako. Na ce laifina ne ni kaɗai, na karɓi aikin hawa huɗu na yi ɗaya, yarinya ba ta san komai ba.

"Yashin ina ne?"

"Na tandata, Inna. Wanda nake gashi a kai."

"Ba a yi masa tofi ba?"

"Ni da ko izu biyu ban haɗa ba, tofin me zan yi? In na tofa ma sai dai ya jiƙe."

Sannan ta karkaɗe yashin a ƙasa ta goge da tafin ƙafa.

"Na yarda da maganar yashi. Maganar yarinya kuwa ƙarya kake. Jiya sau biyar ta shigo gaishe ni. Amarya, kwana biyu da kawowa, sau biyar. Kuma duk shigowar ba ni take kallo ba."

Ta jawo wata gyaɗar ta ɓare.

"Ba komai. Ƙuruciya ce, kowa da inda tasa ta kai shi. Ni a nawa bikin kwalla goma aka jera, shida na aro ne. Amma ka gode Allah ni na karɓe. Da uwar angon ce ta sa wuƙa ta ga ƙullin nan, da yanzu yarinyar tana gidan ubanta, kai kuma kana gaban mai unguwa. Buɗe kwalin."

Na buɗe. Ta gutsiri ta ƙasa inda ba a gani, ta tauna da haƙoran da suka rage, ta gyaɗa kai. Ta sa na ɗora shi a tebur na rufe da mayafin. Na ɗauki soso zan sa a kwali.

"Ina za ka da shi?"

"Gida, Inna. Kayan aikina ne."

"Kason surukai ne. An ba mu a gaban mutane. Tura shi ƙarƙashin gado."

"Inna, ba a ci fa."

"Na sani, ni na soka. Jikoki mata tara gare ni ba a aurar ba, kowacce da waya a hannu. Ka ce akwai ƙannensa biyu a wurinka?"

"Akwai."

"Ka aiko da su. Ni ban ga yashi ba, ban ga soso ba. Gobe zan ce wa dangi mutanen Gwarzo sun fita kunya."

Haka aka yi. Alhamis aka yanka, aka ci, har aka aika wa Gwaggo Tabawa godiya. Safiya tana ɗakinta har yau, da 'ya'yanta biyu. Tun daga ranar na ƙara tambaya ɗaya a kan tambayoyina, kuma ku ma in kun dage sai kun yi sana'ar ku riƙe ta: kafin mutum nawa, kafin wane wata, ku tambaya wa ke rabo.

Ni dai na ɗauka magana ta ƙare. Bayan wata biyar sai ga ɗan acaba da buhu, soso uku a ciki sun yi ƙura, da saƙon Inna Kande: za a aurar da jika, a sabunta musu rigar sukari, wannan karon shuɗi. Na ce wa zai ɗauki nauyin sukari? Ya ce ta ce in na yi wannan tambayar a gaishe ni, a tambaye ni ya tanda, ya yashi. Na yi shuɗi.

Daga jikoki abin ya wuce maƙwabta, daga maƙwabta ya wuce unguwa. Yanzu a wannan ɓangaren na Kabo ba mai neman hawa huɗu a wurina. Ƙaramin na tsakiya kawai ake saya, wani lokacin ma ba a wurina ba, a wajen 'yan matan waya. Sauran a aro a ɗakin Inna Kande, ita ke tsayawa a kai da sandarta har a gama hoto, ba gwaggon da ta isa ta matso da wuƙa. Ta ce wa mutane na saman da na ƙasan ba a yanka su, haka ake yi a birni, kuma wani gwani ne a Kano yake yi mata. Na sabunta rigar nan sau goma sha uku. Fari, shuɗi, ruwan hoda, ruwan goro, har da wani kore da ban so ba.

Watan jiya wata yarinya ta zo daga Kabo da yayarta. Suka gaisa, suka dudduba shago, suka yi ƙus-ƙus. Yayar ta ce bikin ya haɗu da na wata jikar Inna Kande rana ɗaya, ba za su samu aro ba, shi ya sa suka zo.

"Ka taɓa ganin na Inna Kande?"

Na ce na taɓa hangowa.

"Irinsa muke so. Mun san ba za ka iya kamar na Kano ba, ka dai kwatanta. Kuma don Allah, Baba, ka bar shi ya gasu."

Na ce in sha Allahu zan yi ƙoƙari.